Zurfi da Numfashi: Abin da Ke Faruwa da Mai Nutso da Mai Shiga Rijiya

Sarƙewar numfashi da fargaba su ne matsaloli biyu da suka fi addabar mutumin da sana'a ko larura ta kai shi wuri mai zurfi, ƙarƙashin ruwa ne ko ƙasan rijiya, kuma da wuya ɗaya ta zo ba ta jawo 'yar'uwarta ba. Mai nutso da tukunyar iska a teku ya san su. Masuncin da ke nutsewa ya kwance komarsa a madatsar Mairuwa ko ta Gwaigwaye kusa da Funtua ya san su, haka ma mai yasar rijiya a ƙauyukan Malumfashi da Bakori da Ƙafur da Ɗanja. Wuraren sun bambanta, kayan aikin ma haka, amma jikin ɗan Adam ɗaya ne, kuma ilimin da aka tara cikin fiye da shekara ɗari a kan masu nutson teku yana fayyace abubuwa da dama da ke aukuwa a rijiyoyin gida da na lambu a kudancin Jihar Katsina. Akwai kuma inda darasin ya juye gaba ɗaya, har matakin da ke ceton mai nutso ya zama shi ne ke halaka mai rijiya.

Nauyin ruwa a kan ƙirji

Iskar da ta lulluɓe duniya tana da nauyi, tana danna jikin kowa da ƙarfin da ya kai kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Ba a jin dannawar saboda a cikinta aka haifi kowa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa mita 10 kacal na ruwa ke ƙara matsi daidai da na iskar duniya baki ɗaya. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku, a mita 30 huɗu, a mita 40 biyar. Tun a 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan matsi ya ninka biyu, iskar da ke rufe a wuri ɗaya takan tsuke ta koma rabin girmanta. Wanda ya cika ƙirjinsa a sama ya nutsa, yana kaiwa mita 10 iskar huhunsa ta ragu da rabi. Zafin da masunci ke ji a kunne tun daga mita 2 ko 3 ma daga nan yake fitowa, ruwa ne ke tura dodon kunne ciki.

Tukunyar iska da ake goyawa a baya ta yaɗu ne bayan 1943, shekarar da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urarsu a Faransa. Abin da ke cikin tukunyar ba oksijin zalla ba ne, ko da yake mutane da yawa haka suke zato. Iskar duniya ce aka tace aka matse, kashi 21 cikin 100 oksijin, kusan kashi 78 naitirojin. Na'urar da mai nutso ke sawa a baki tana sakin iskar daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi, domin in ba haka ba ƙirji ba zai iya buɗewa ba. Wannan ke sa tukunya saurin ƙarewa a zurfi. Tukunya mai lita 12 da aka cika sosai tana ɗauke da kimanin lita 2,400 na iska. Mai shaƙar lita 20 a minti zai yi awa biyu da ita a sama, amma a mita 30 minti 30 kawai za ta kai shi, idan kuma ya ruɗe numfashinsa ya ninka uku, minti 10 ne.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne iskar tana yin kauri. A mita 30 kowace zuƙa tana ɗauke da ninki huɗu na iskar da ke cikin zuƙar sama, kuma jawo ta cikin bututun huhu tamkar zuƙar kunu mai kauri ne ta siririn kara. Gwaje-gwaje sun nuna cewa a wannan zurfi iyakar iskar da mutum zai iya shigarwa ya fitar a minti ɗaya takan faɗi zuwa kusan rabi, komai ƙarfinsa. A 2016 masu bincike biyu, Gavin Anthony da Simon Mitchell, suka ba da shawarar kada kaurin iskar nutso ya wuce giram 5.2 a kowace lita, iyakar ƙarshe kuma 6.2. Iskar duniya tana kai wa wannan iyaka ne a wajen mita 40. Ƙungiyoyin koyar da nutso sun daɗe da tsayar da mita 18 ga sabon hannu da mita 40 ga ƙwararre mai nutson nishaɗi, kuma masu wuce nan sukan gauraya iskarsu da hiliyom, wadda ba ta da nauyi.

Ƙararrawar da ke cikin jini

Yawancin mutane suna ɗaukar cewa ƙarancin oksijin ne ke sa mutum jin kamar an shaƙe shi. A 1905 John Scott Haldane da John Priestley suka tabbatar a Oxford cewa abin da ya fi tafiyar da numfashi shi ne kabon dayoksaid, gurɓatacciyar iskar da jiki ke samarwa yana fitarwa. Da zarar ta ɗan taru a jini, ƙwaƙwalwa za ta umarci ƙirji ya ƙara sauri, mutum ya ji wani irin kwaɗayin iska da ba ya iya daurewa. Duk bayanin fargabar zurfi a kan wannan gaɓa ya rataya.

A ƙarƙashin ruwa hanyoyin taruwarta suna da yawa. Mai nutso yana aiki, ko yana kokawa da igiyar ruwa, jikinsa na ƙara samar da ita, alhali iska mai kauri ta hana shi fitar da ita yadda ya kamata. Rigar roba mai matse ƙirji da na'urar da ba a gyara ba suna ƙara wahalar. Wasu kuma da gangan suke riƙe numfashi tsakanin zuƙa da zuƙa don tukunya ta daɗe, dabarar da masu koyarwa ke hanawa. Idan haki ya fara, sai numfashin ya koma gajere mai sauri, nan kuwa tarkon yake. A maƙogwaro da manyan bututun huhu akwai kimanin mililita 150 na iskar da ba ta isa inda jini ke musaya, na'urar baki kuma tana ƙara wani abu a kai. Gajeren numfashi wannan iskar kawai yake kaiwa da komowa. Mutum na haki iya ƙarfinsa, tsokar ƙirjinsa na ƙara samar da kabon dayoksaid saboda aikin hakin kansa, ga tukunya cike da iska amma yana jin babu abin da ke shiga.

Ita kanta wannan iska tana haifar da tsoro kai tsaye, ba sai mutum ya ga wani abin tsoro ba. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa zuƙa ɗaya ta iskar da ke ɗauke da kashi 35 na kabon dayoksaid tana iya tayar da firgici nan take, musamman ga masu larurar firgita. A 1993 Donald Klein ya bayyana cewa jiki yana da ƙararrawar shaƙewa, wadda a wasu mutane take kaɗawa da wuri fiye da kima. A 2013 masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka suka gwada wasu marasa lafiya uku da wata cuta ta lalata musu sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da tsoro. Ɗaya daga cikinsu an yi shekaru ana nuna mata macizai da finafinan ban tsoro ba ta razana ba. Da aka shaƙa musu wannan iska, dukansu sun firgita. Ke nan fargabar da ke kama mutum a zurfi sau da yawa saƙo ne na gaskiya daga jininsa. Kiran ta ragwanci zalunci ne, kuma zalunci ne mai haɗari, domin namijin da ke kunyar a ce ya ji tsoro zai ɓoye alamar farko, wadda ita ce kaɗai ke zuwa da sauran lokacin gyara. Binciken William Morgan na Jami'ar Wisconsin da aka buga a 1995 ya nuna fiye da rabin masu nutson da aka tambaya sun taɓa firgita ko sun kusa, har da waɗanda suka daɗe a harkar.

Daga wajen mita 30 wata matsala takan shigo: naitirojin mai matsi tana bugar da mutum, tunani ya yi nauyi, lissafi ya rikice, wani ya ji nishaɗi, wani ya ji baƙin tsoro. Albert Behnke ne ya danganta wannan maye da naitirojin a 1935. Kabon dayoksaid na ƙara masa ƙarfi, sanyi da duhu ma haka.

Abin da ya faru da David Shaw ya nuna iyakar wannan hanya. Matuƙin jirgin sama ne ɗan Ostireliya, gwani a nutso. Ranar 8 ga Janairun 2005 ya sauka mita 270 a kogon ruwa na Boesmansgat da ke Afirka ta Kudu don ya ɗauko gawar Deon Dreyer, saurayin da ya rasu a wurin tun 1994. Gawar ta taso ba yadda aka tsara ba, igiya ta harɗe, aikin ya yi masa yawa. Kyamarar da ke kansa ta naɗi sautin numfashinsa yana ƙara sauri har ya tsaya. Likitocin da suka nazarci faifan sun danganta rasuwarsa da taruwar kabon dayoksaid sakamakon aiki cikin iska mai kauri. Iskarsa ba ta ƙare ba.

Firgici da gudu zuwa sama

Fargaba tana da magani muddin mutum na iya tunani. Firgici shi ne matakin da tunani ke ɗaukewa: ido ya firfito, mutum ya daina ganin alamar abokinsa, wani ya tofar da na'urar bakinsa yana zaton ita ke shaƙe shi, ya nufi sama da dukkan ƙarfinsa yana riƙe da numfashi. A nan dokar Boyle ke aiki ta ɗaya ɓangaren. Iskar da aka shaƙa a mita 10 tana ninka girma biyu kafin a kai sama. Idan maƙogwaro a rufe yake, huhu na iya yagewa, ƙwayoyin iska su shiga jini su toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi cikin 'yan mintoci da fitowarsa. Tashin mita ɗaya zuwa biyu da cikakken huhu ya isa ya jawo haka, kuma haɗarin ya fi yawa dab da saman ruwa. Ƙungiyar Divers Alert Network ta nazarci mace-mace 947 na masu nutso tsakanin 1992 da 2003. Cikin waɗanda aka gano mafarinsu, ƙarewar iska ce ta fara rikicin a kashi 41, maƙalewa a wani abu kashi 20, amma matakin da ya fi yawan kai mutum ga rauni shi ne tasowar gaggawa.

Abin da ake koyarwa kaɗan ne, wahalarsa a aikatawa take. Mai nutso ya dakatar da duk wani motsi, ya riƙe dutse ko igiya, ya mai da hankali ga fitar da numfashi a tsawace, domin fitarwar ce ke rage gubar. Ya sanar da abokinsa, sannan su ɗan taso 'yan mitoci a hankali, inda iska ta fi sauƙi kuma mayen ke washewa. Idan bai dawo daidai ba, nutson ranar ya ƙare. Ana tasowa da saurin da bai wuce mita 9 zuwa 10 a minti ba, a tsaya minti 3 a mita 5.

Jinkirin yana da wani dalili. Naitirojin da ta narke a jini a zurfi tana buƙatar lokaci ta fita, in an gaggauta sai ta yi kumfa a gaɓoɓi da laka, ta kawo ciwo mai tsanani ko shanyewar jiki. Haldane da abokan aikinsa ne suka fitar da jadawalin farko na tasowa daki-daki a 1908 don sojojin ruwan Ingila. Irin waɗannan jadawalai a kan matsin bakin teku aka gina su, Funtua kuwa tana kan tudu mai kusan mita 700, saboda haka duk ƙwararren da aka gayyato da tukunya ya duba bakin bututun wata madatsa a yankin dole ya gyara lissafinsa. Najeriya tana da nata sanannen misali. Ranar 26 ga Mayun 2013 jirgin ruwan Jascon 4 ya kife a teku kusa da Escravos, ya zauna a zurfin mita 30. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya yi kusan awa 60 a wani ɗan lungu da iska ta maƙale, cikin duhu da sanyi, har masu nutson da suka zo neman gawawwaki suka same shi da rai. Ba su fito da shi kai tsaye ba, domin jikinsa ya ƙoshi da naitirojin. Sai da ya ƙara fiye da kwana biyu a ɗakin rage matsi. Daga baya shi ma ya koyi aikin nutso.

Masu nutso da ƙirjinsu kaɗai

A ƙasar Funtua, inda Kogin Sakkwato ya samo asali, nutso aikin masunta ne ƙarƙashin jagorancin sarakunan ruwa, kuma ba tukunya suke ɗauka ba. Su ake kira idan koma ta maƙale a kututturen itacen da madatsa ta shanye, su ake kira idan yaro ya nutse a kududdufi ko tsohon ramin bulo da damina. Sana'a ce mai daraja a ƙasar Hausa. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, wasannin ruwa da nutso suna cikin abubuwan da ake gasa a kansu.

Wanda ya nutsa da numfashin sama ba ya cikin haɗarin yagewar huhu irin na mai tukunya, domin iskar da ya sauka da ita ita zai dawo da ita. Nasa haɗarin daban ne. Masu son daɗewa a ƙasa sukan yi ta jan numfashi da sauri kafin su faɗa, suna zaton oksijin suke tarawa. Abin da suke yi a zahiri shi ne wanke kabon dayoksaid daga jini, wato kashe ƙararrawar. Oksijin na ƙarewa, jiki bai yi gargaɗi ba. A ƙasa matsin ruwa yana taimaka wa ɗan abin da ya rage ya shiga jini, amma da mutum ya taso matsin ya saki, sai ya suma a mitocin ƙarshe, ba ihu ba fafutuka. Gwanaye ne wannan ya fi samu, da samari masu gasar wa ya fi daɗewa. Ƙa'idar ita ce numfashi biyu ko uku na natsuwa kafin nutsewa, hutu mai tsawo tsakanin nutso da nutso, da mutum ɗaya a sama da ba ya ɗauke ido. Ruwan madatsun yankin ja ne saboda laka, mai nutso da hannu yake lalube, don haka wuƙa a ƙugu don yanke zaren koma ba ado ba ce. Sanyin hunturu kuma yana sa wanda ya faɗa ruwa ya ja numfashi ba da niyya ba a daƙiƙun farko.

Ƙasan rijiya

A wannan yanki masu shiga rijiya sun fi masu nutso yawa nesa ba kusa ba. Ƙasa ce ta masara da auduga da dawa da waken suya, da noman rani na tumatir da albasa a fadamu, kuma tana zaune a kan tsohon dutse da ba ya riƙe ruwa mai yawa. Daga Fabrairu zuwa Mayu ruwa kan ja da baya, sai a nemi masu yasa su sauka su kwashe taɓo ko su ƙara gaba ɗaya ko biyu. Wasu kuma guga ce ta faɗa, ko akuya, ko wayar hannu.

A rijiya matsi ba ya canzawa yadda zai dami mutum, iskar ce take lalacewa. Ruɓewar ganye da shara da numfashin ƙasa kanta suna cinye oksijin su bar kabon dayoksaid, wadda ta fi iska nauyi sau ɗaya da rabi, ta kwanta a ƙasa babu abin da zai kore ta. Irin wannan kwanciya ce ta kashe mutane fiye da 1,700 a kwarurukan da ke kewaye da Tafkin Nyos a Kamaru ranar 21 ga Agustan 1986. Rijiyar da ta daɗe a rufe ta fi haɗari. Wadda aka shiga lafiya jiya ma tana iya lalacewa yau, domin idan matsin iskar sama ya sauka, kamar lokacin da hadari ke haɗuwa, ƙasa takan huro gurɓatacciyar iskar da ke cikin tsagoginta zuwa cikin ramin. Masu sana'a sukan ce rijiyar ta yi zafi. Jama'a kuma sukan danganta abin da mutanen ɓoye, musamman idan rijiya ɗaya ta ci mutum biyu ko uku a jere. Duk abin da mutum ya yi imani da shi, iskar ana iya gwada ta, ana iya kuma sauya ta.

A sararin duniya kabon dayoksaid ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin dubu ba. Idan ta kai kashi 5 cikin 100 mutum zai yi haki da ciwon kai da fargaba, a kashi 10 zai iya suma cikin mintoci. Oksijin kuwa idan ta sauka ƙasa da kashi 19.5 ƙa'idojin aiki na ɗaukar wurin mai haɗari, a wajen kashi 10 hankali na gushewa, ƙasa da kashi 6 numfashi kaɗan ya isa ya kayar da mutum. A nan darasin mai tukunya ya juye. Shi an ce ya tsaya, ya natsu, ya yi dogon numfashi, domin iskarsa mai kyau ce. Mai rijiya kuwa iskar da ke kewaye da shi ita ce gubar, kowane dogon numfashi ƙari ne. Haki, jiri, bugun zuciya ko tsoron da ba a san dalilinsa ba, kowanne umarni ne na ya girgiza igiya a jawo shi nan take. Ba wurin dauriya ba ne, kuma maigidan da ya matsa wa ɗan aiki ya ƙarasa bokiti biyun da suka rage ya ɗauki alhakin rai.

Mafi muni su ne iskokin da ba sa kaɗa ƙararrawa. Famfon injin ban ruwa ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, saboda matsin iskar duniya ne ke turo ruwan cikin tiyo, kuma yana da iyaka. Idan ruwa ya yi ƙasa da bazara, abin da ke zuwa wa manomi a rai shi ne ya sauke injin cikin rijiyar, ya ɗora shi a kan wani dandamali. Injin fetur a cikin rami yana cika shi da kabon monoksaid cikin mintoci. Ba ta da wari ko launi, tana kama jan sinadarin jini fiye da oksijin sau 200 ko fiye, kuma ba ta kawo kwaɗayin iska. Wanda ya sauka ya kashe injin ko ya gyara tiyo zai ji ciwon kai, ƙafafunsa su mutu, ya kasa hawa alhali yana ganin bakin rijiyar. Hayaƙin yana nan ko bayan an kashe injin. A salga da rijiyar da ƙazanta ke tsiyaya cikinta akwai wata iskar mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa takan kashe jin warin kansa, mutum ya ɗauka ta tafi.

Daga nan ne asarar ke ninkuwa. Ɗan'uwa ya leƙa ya ga nasa a kwance, ya sauka da sauri ba igiya, shi ma ya kwanta, na uku ya bi. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi a 1986 cewa fiye da kashi 60 na masu mutuwa a irin waɗannan rufaffun wurare masu zuwa ceto ne. Zumunci da jarumtar da ke tura mutum ciki abin girmamawa ne, amma riƙe numfashi ba ya kai mutum ƙasa ya ɗauko wani ya hau da shi.

Tsofaffin masu haƙa suna da dabarun da ilimi ya gaskata. Suna buɗe rijiya ta sha iska kafin a shiga, suna ɗaura reshe mai ganye ko buɗaɗɗiyar lema su yi ta saukarwa da jawowa don motsa iskar ƙasa, suna zura fitila da igiya. Harshen wuta yana mutuwa idan oksijin ta sauka zuwa wajen kashi 16 ko 17, tun mutum bai suma ba, don haka gwajin na da amfani. Sai dai fitila na ci lafiya lau cikin kabon monoksaid, a salga kuma tana iya tayar da wuta. Injin ya zauna a waje, nesa da baki, hayaƙinsa na bin iska zuwa wani gefe. Mai sauka ya ɗaura igiyar ceto a ƙirji da cinyoyi, daban da igiyar bokiti, da aƙalla mutum biyu masu ƙarfi a sama suna yi masa magana ba yankewa. Fanka mai tura iska ta dogon bututun leda har ƙasa tana sauya iskar rijiya cikin ɗan lokaci, kuma ƙaramar na'urar gwajin iska abu ne da ƙungiyar masu haƙa ko ta manoman rani za ta iya saye a haɗa kuɗi. Waɗannan matakai sun shafi ramukan haƙar ma'adinai da tankunan ruwa na ƙarƙashin ƙasa.

Lafiyar mai sauka da taimakon farko

Ba kowa ya dace da zurfi ba. Mai asma, da wanda tarin fuka ya bar masa tabo a huhu, da wanda ya daɗe yana shaƙar ƙurar auduga har ƙirjinsa ke ƙara, da mai farfaɗiya ko ciwon zuciya, duk suna cikin haɗari fiye da sauran. Mai cutar sikila bai kamata ya yi nutso ko ya shiga rijiya ba, domin ƙarancin oksijin da sanyi su ne ke tayar da ciwon, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan larura. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya tsotse masa jini ya jira ya murmure. Ƙwayoyin da wasu 'yan aikin ƙarfi ke sha don neman kuzari, irin su tramadol, suna dakushe numfashi da hankali, suna kuma iya kawo jijjiga. Mai larurar firgita yana iya samun sauƙi da magani da horo, amma likita ne zai faɗi lokacin da zai iya sauka.

Idan an fito da mutum, a kwantar da shi a sarari a duba ko yana numfashi. Idan yana yi, a juya shi gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Idan ba ya yi, a buɗe masa hanyar iska a hura masa baki da baki, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba ba tsayawa har taimako ya zo. Ga wanda ya nutse hurawar ce ta fi muhimmanci. Al'adar kifa mutum a danna cikinsa ko a ɗaga ƙafafunsa sama don ruwa ya fita tana cinye lokaci, tana kuma tura amai cikin huhu. Ɗura wa wanda bai farfaɗo ba madara ko manja ma haka. Ko ya tashi ya yi magana, a kai shi babban asibitin Funtua ko na Malumfashi, domin huhun da ya sha ruwa na iya cika bayan awanni, gubar hayaƙin inji kuma tana iya taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa bayan kwanaki. Maganin farko a duka biyun oksijin ne mai yawa ta abin rufe fuska, kuma a faɗa wa likita ko inji na aiki a ramin. Mai tsananin rauni akan tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wanda ya yi nutso da tukunya ya fito da ciwon gaɓoɓi, mutuwar sashen jiki ko ruɗewa yana buƙatar ɗakin rage matsi, irin wanda kamfanonin aikin mai ke ajiyewa a bakin teku, saboda haka duk aikin nutso da tukunya a madatsun Katsina sai an tanadi oksijin a bakin ruwa da hanyar kai mara lafiya kudu tun kafin mutum ya shiga.